Zaɓen taya don laka, yashi da tsakuwa: abin da masu babur da mota a Dutsin-Ma da Kurfi ya kamata su sani

Titin kwalta da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya isa Dutsin-Ma shi ne jijiyar zirga-zirgar wannan yanki na tsakiyar Jihar Katsina, amma mafi yawan mutanen ƙananan hukumomin biyu ba a bakinsa suke zaune ba. Wanda zai shiga ƙauyukan Birchi, Wurma, Tsauri ko Rawayau a ƙasar Kurfi, ko ƙauyukan Kuki, Makera, Dabawa da Karofi a ƙasar Dutsin-Ma, sau da yawa sai ya sauka daga kwalta ya bi burji, daga burji ya faɗa burtali, daga nan kuma ya tsallaka rafi. A tafiyar kilomita goma kacal taya ɗaya kan taka ƙasa iri huɗu ko biyar. Da rani wahalar ba ta wuce ƙura da yashi. Da damina kuwa, musamman a malkar watan Agusta, hanyar da aka bi lafiya da safe takan zama caɓi kafin la'asar.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai abin hawa na musamman da aka ƙera don irin wannan hanya, wato babur mai ƙafa huɗu da faffaɗan tayoyi. A nan babur mai ƙafa biyu ne ke wannan aiki, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗauko taki daga kasuwa, shi ke fito da tumatir da albasa daga fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe. Bayansa sai a-kori-kura da Hilux da tarakta. Duk ƙarfin injin waɗannan abubuwan hawa, da duk kyan birkinsu, ta ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa suke aiki, kuma a babur faɗin wannan wuri bai kai tafin hannu ba.

Ƙasar da tayar za ta taka

Kafin a je shagon taya, abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne irin hanyar da aka fi bi, domin kowace ƙasa da abin da take nema.

Jigawa, wadda ita ce mafi yawa a yankin, ƙasa ce mai rairayi. Idan ta bushe taya kan nutse a cikinta, idan ta sha ruwa kaɗan takan yi tauri har ta fi daɗin bi. Abin da take so shi ne taya ta shimfiɗu a kanta, ba ta tona ba. Fadama kuwa laka ce mai danƙo. Tana liƙewa a jikin taya, tana cike ramukan zane, har taya ta koma kamar dunƙulen yumɓu mai juyawa a wuri guda. Burji da aka yi da jar ƙasa ko marmara yana da nasa sharrin: ƙasansa da tauri, amma yayyafi kaɗan ke sa samansa ya yi santsi kamar an shafa sabulu, da rani kuma ya yi gargada mai jijjiga ƙashi. Sai duwatsu, waɗanda garin Dutsin-Ma ma daga gare su ya samo suna. Inda ruwa ya zaizaye hanya sukan fito da baki mai kaifi, kuma gefen taya suke yanka, inda faci ba ya riƙewa. A kan waɗannan duka akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau, da tushiyar kara bayan girbi, da zurfafan sawun amalanke da kan bushe su yi ƙarfi kamar siminti.

Babu tayar da ta gwanance a duk waɗannan wurare. Kamfanonin da ke ƙera taya su kansu sun san haka, shi ya sa wasunsu ke bayyana tayoyin babur da kaso, su ce wannan 80 cikin 100 ta kwalta ce, 20 ta daji, waccan rabi da rabi ce. Malamin makaranta da ke zaune a cikin garin Dutsin-Ma, wanda sau ɗaya a mako yake leƙa gona, buƙatarsa dabam take da ta ɗan acaɓan da ke yin sawu shida a rana tsakanin tasha da ƙauyen bayan rafi.

Yadda zanen taya ke aiki a laka

Zanen taya abu biyu ne: haƙoran da ke cizon ƙasa, da ramukan da ke tsakaninsu. A busasshiyar kwalta, yawan robar da ke taɓa titi shi ke ba da riƙo, don haka tayar kwalta ke da ƙananan layuka masu matsatsi, aikinsu kawai su kore ruwa. A laka lissafin ya juya. Riƙo yana samuwa ne idan haƙori ya nutsa ya tura laka baya, kuma ba zai iya sake yin haka a zagaye na gaba ba sai ramin da ke gabansa ya zubar da lakar da ya ɗauka. Taya mai manyan haƙora da faffaɗan ramuka tana kakkaɓe kanta yayin da take juyawa. Mai matsattsen zane kuwa zagaye biyu ko uku ya ishe ta ta toshe.

Haƙoran da ke kafaɗar taya, wato can gefe inda zane ya gangara, su ne ke fitar da babur daga cikin sawun amalanke, su ne kuma ke hana shi zamewa a hanyar da ta karkata. Mai saye yakan duba tsakiyar taya ya manta da kafaɗa, alhali a burtali kafaɗar ce ke hana faɗuwa.

Amma wannan riƙo da farashinsa. Taya mai manyan haƙora idan ta hau kwalta tana ƙugi, tana girgiza kan babur, tana ƙara shan mai, kuma tana saurin cinyewa saboda nauyi duka ya taru a kan 'yan haƙora kaɗan. Mafi haɗari, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama birki kamar tayar titi, kuma a kwana haƙoran kan lanƙwashe ƙarƙashin nauyi. A busasshen yashi ma ba kullum take taimako ba: idan aka murɗa mata wuta sai ta haƙa rami ta binne kanta. Ga mafi yawan masu babur a Kurfi da Dutsin-Ma, waɗanda kowace tafiyarsu ta haɗa kwalta da ƙasa, tsaka-tsakin zane ya fi dacewa, wato mai murabba'an haƙora masu matsakaicin zurfi, kusa da juna a tsakiya, a wawware a kafaɗa. Tayar tsere ta daji zalla, wadda wasu ke sha'awa saboda kyan gani, ba a yi ta don titi ba. Wasu ma an rubuta musu haruffan NHS a gefe, alamar cewa ba na babbar hanya ba ne.

Akwai kuma tsohuwar muhawara kan siririyar taya da faffaɗa. Amsar tana ga zurfin lakar. Inda laka ba ta wuce taƙi ba kuma ƙasanta da tauri, kamar burji bayan ruwa, siririyar taya ta fi, don tana yanka lakar ta isa ga ƙasa mai ƙarfi. Inda laka ba ta da gindi, kamar tsakiyar fadama, ko a yashin rafi, faffaɗa ta fi, don tana raba nauyi. Sai dai mai babur ba shi da faɗin zaɓi a nan. Taya da ta fi girman da aka ƙera wa babur takan gogi murfin sarka ko madigad, kuma idan aka matsa ta a kan siririn rim siffarta kan lalace, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Ko tazarar da ke tsakanin tayar gaba da madigad abin lura ce: lakar fadama kan cushe a wurin har ƙafar gaba ta ƙi juyawa, mahayi ya kife ba tare da ya taka birki ba. Ɗaga madigad kaɗan, aikin da kowane bakanike zai yi cikin 'yan mintoci, ya fi sayen babbar taya amfani.

Tayar gaba da ta baya ba aiki ɗaya suke ba. Ta baya ce ke turawa da ɗaukar kaya, don haka take son haƙora masu gicciye. Ta gaba ce ke tuƙi da mafi yawan birki, tana son zanen da zai riƙe ta kada ta zame gefe. Zamewar ƙafar baya ana iya gyara ta a kan tafiya, amma idan ta gaba ta zame sai ƙasa. Al'adar sanya sabuwar taya a baya a bar ta gaba har ta yi sanƙo, don wai ba ita ke ɗaukar kaya ba, tattali ne mai tsada.

Karanta rubutun gefen taya

Duk abin da mai saye ke buƙatar sani yana rubuce a gefen taya, ga wanda ya san karatunsa.

Na farko girma. Idan an rubuta 3.00-17, ana nufin faɗin taya inci 3, rim kuma inci 17. Bajaj Boxer mai injin 100, wanda ya cika ƙauyukan arewa, yana amfani da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Baburan da aka ƙera bisa tsarin Honda CG galibi rim ɗinsu inci 18 ne. Keke Napep kuwa 4.00-8. Akwai wani salon rubutun, kamar 90/90-18: lamba ta farko faɗi ne da milimita, ta biyu tsayin gefe ne a matsayin kaso na faɗin, ta uku rim. Tayar rim 17 ba ta hawa rim 18, kuma tilasta ta kan tsinke wayar da ke bakin taya.

Na biyu, lamba da harafi da ke bin girman, misali 41P ko 50P. Lambar tana nuna iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka idan ta sha cikakkiyar iska: 41 na nufin kilo 145, 47 kilo 175, 50 kilo 190, 52 kilo 200. Harafin kuma iyakar gudu ne: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. A wannan yanki harafin gudu ba shi ne abin damuwa ba, lambar nauyi ce. A ɗauki babur da nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, mahayi mai kilo 65, da buhun masara biyu masu kilo 100 kowanne. Jimilla ta doshi kilo 370, kuma tun da buhunan a baya suke, abin da ke kan tayar baya ya wuce kilo 190 nesa ba kusa ba. Taya da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa fiye da kima, tana zafi, zaren cikinta na rabuwa da roba, kuma ba lalle ta fashe ranar ba. Tana iya jira sai ranar da ake gudu a kwalta da fasinja. Wanda sana'arsa dakon kaya ce ya nemi taya mai lambar nauyi mafi girma a cikin girman da ya dace da baburinsa, ya kuma yarda cewa sawu biyu da buhu ɗaiɗai ya fi sauƙin kuɗi a kan taya da tiyub da jinya.

Na uku, 4PR, 6PR ko 8PR. A da wannan yana nufin yawan shimfiɗun zaren auduga da ke cikin taya. Yanzu da ake amfani da nailan, lambar ma'aunin ƙarfi ce kawai, ba ƙidayar shimfiɗu ba. Ga hanyar duwatsu da ƙaya da kaya masu nauyi, 6PR ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da ƙafar baya. Mai 8PR ta fi jure sara, amma tana da tauri, kuma a babur mara kaya tana sa a ji kowace gargada a ƙugu.

Na huɗu, ranar haihuwar taya. Tun daga shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT suna nuna mako da shekara: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafin rana irin na bazarar Katsina yana gaggauta tsufan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa su ɗauki shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Kamfanin Michelin ya fi sassauci: yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba. Ko wanne aka bi, tayar da ta shekara uku a rataye a ƙofar shago tana shan rana ba sabuwa ba ce, ko da ledarta na jiki.

Sauran alamomin ƙanana ne amma suna da aiki. Kibiya tana nuna inda taya za ta fuskanta wajen juyawa. Idan mai faci ya juya ta, zanen zai riƙa tara laka da ruwa a tsakiya maimakon ya watsar. Haruffan TWI ko ɗan alwatika a kafaɗa suna nuna inda wani ɗan tudu yake a cikin ramin zane. Idan haƙora suka cinye har suka yi daidai da shi, taya ta gama aiki. A mota wannan tudu yana daidai da milimita 1.6. Amma wannan ma'aunin kwalta ne. Taya kan daina cizon laka tun zanenta yana rabi.

Tiyub ko babu tiyub

TT a gefen taya na nufin mai tiyub, TL mara tiyub. Mara tiyub tana da fa'ida guda babba: idan ƙusa ko ƙaya ta shige ta, iska kan fita a hankali, sau da yawa har a isa gari, kuma ana toshe hujin ba tare da an kwance ƙafa ba. Mai tiyub kuwa tana iya sacewa nan take. Sai dai mara tiyub tana buƙatar rim na zubi wanda ba ya yoyo. Rim mai wayoyi, irin na yawancin baburan karkara, iska na fita ta ramukan wayoyin, don haka dole a sa tiyub. Kuma rim na zubi idan ya daki dutse bakinsa ya lotse ko ya tsage, iska ba za ta ƙara zama ba, alhali mai wayoyi ana iya miƙe shi. Ga wanda hanyarsa duwatsu ce kuma mai facin da ya fi kusa da shi na ƙauye ne, tiyub mai kauri a cikin taya mai kyau har yanzu ya fi kwanciyar hankali. A tabbata dai girman tiyub ya dace da na taya, kuma zaren robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim bai tsinke ba, domin faci da yawa da ake ɗora wa ƙaya laifinsa daga can ciki yake fitowa.

Batun sacewar taya a daji ya wuce ɓata lokaci a wannan yanki. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomin da matsalar 'yan bindiga ta shafa, har a 2021 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a irin waɗannan wurare. Mutumin da ke tura babur da ƙafa bayan magariba a hanyar da ba kowa ya san bambancin taya mai arha da mai kyau.

Iska

Tayar da ta dace da iska mara dacewa ba ta fi tsohuwa ba. Ga ƙananan babura irin su Boxer, abin da masu ƙira ke bayarwa yana wajen psi 25 a gaba, 28 a baya idan mutum ɗaya ne, 32 idan da goyo. Ainihin lambar tana cikin littafin babur ko a takardar da aka manna kusa da sarka. Lambar da ke gefen taya ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, ba abin da ake so a buga kullum ba. Ana auna iska da geji, da safe kafin taya ta yi zafi. Matsawa da yatsa ko ƙwanƙwasawa da sifana ba ya bambance 20 da 30.

Rage iska kaɗan yana faɗaɗa wurin da taya ke taka ƙasa, yana kuma sa ta lanƙwasa ta zubar da laka, shi ya sa direbobin Sahara ke sassauta tayoyinsu kafin su shiga yashi. A babur mai tiyub abin yana da iyaka. Idan iska ta yi ƙasa sosai aka daki dutse, rim kan tsunkule tiyub ya bar huji biyu a jere kamar sarar maciji. Taya kuma kan zame a kan rim ta ja tiyub har bawul ya tsinke daga gindi, wanda ba ya facuwa. Rage psi uku zuwa biyar ya isa, ba tare da kaya masu nauyi ba, kuma a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. Ƙaramin famfon hannu da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kujera shi ke sa wannan dabara ta yiwu. Cika iska fiye da kima, wanda wasu masu dako ke yi har taya ta yi kamar dutse, yana cinye tsakiyar zane, yana rage riƙo, yana kuma sa dutse ya fi saurin fasa ta.

Mota, Keke Napep da tarakta

Tayoyin Hilux da makamantanta kashi uku ne, kuma haruffan kan fito a sunan tayar: H/T ta kwalta, A/T ta gauraye, M/T ta laka. Motar ma'aikatan lafiya ko ta malaman gona da ke kwana a gari tana yini a ƙauye, A/T ce daidai da ita. M/T sai ga motar da aikinta fadama ne, domin a doguwar tafiya zuwa Katsina ko Kano ƙararta da shan manta da tsawon birkinta a ruwa sun fi amfaninta. Haruffan LT a farkon girma, ko C a ƙarshensa kamar a 205R16C, suna nuna tayar ɗaukar kaya mai ƙarfin gefe. A mota mai jan ƙafa huɗu wajibi ne tayoyin su zama girma ɗaya da kusan cinyewa ɗaya, har da safaya, in ba haka ba giya ce za ta biya. Idan biyu kawai za a iya saya, sababbin a sa su a baya, saboda zamewar bayan mota a jiƙaƙƙen titi ya fi wuyar shawo kai.

Keke Napep ba ta da magani a laka. Ƙafarta ƙarama ce, cikinta kusa da ƙasa, kuma sawunta uku ne, ba ta iya bin sawun mota ko na babur. Taya mai ƙarfi za ta rage mata faci, ba za ta fitar da ita daga fadama ba.

Tarakta ita ce ta fi kowa nuna hikimar zane. Tun 1932, lokacin da aka fara sayar da tarakta mai tayar iska a Amurka maimakon ƙafar ƙarfe, zanenta ya yi ta sauyawa har ya tsaya a kan dogayen haƙora masu haɗuwa kamar kan kibiya. Idan aka dubi saman tayar baya, tsinin ya fuskanci gaba. A haka laka ke fita ta gefe. Sawun da take bari a ƙasa kuwa tsininsa baya yake nunawa, abin da kan rikita mai bin sawu. Babur mai ƙafa huɗu, wanda Honda ta fara da mai ƙafa uku a 1970 kafin Suzuki ta fito da mai huɗu a 1982, daga tarakta ya aro zanen tayarsa ta laka. Girmansa ana rubuta shi kamar 25x8-12, wato tsayi da faɗi da rim duk da inci, kuma iskarsa ba ta cika wuce psi bakwai ba, don haka gejin mota ba ya auna ta daidai. Wanda ya mallaki irinsa a gona ya sani cewa ba don kwalta aka yi shi ba.

A kasuwa

Najeriya ta taɓa ƙera taya da yawa. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Legas a 2008, kuma tun daga nan kasuwa ta dogara da shigowa daga waje, musamman Sin da Indiya da Tailan da Taiwan. Shi ya sa farashin taya ke bin dala, kuma ya yi tsalle bayan sakin darajar Naira a watan Yunin 2023. Sunaye irin su MRF, CEAT da TVS na Indiya, da Kenda, Duro da CST na Taiwan, sanannu ne a tayar babur, kuma saninsu ne ya sa ake kwaikwayonsu. Jabu takan tona kanta ta rashin nauyi a hannu, da rubutun da bai fito sarai ba, da sunan da aka sauya wa harafi ɗaya, ko rashin lambar mako da shekara.

Tayar hannu, wadda ake kira tokumbo ko Beljiyam, tana cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin tirela da ake sake wa fuska, amma tana nan a kowace kasuwa. Matsin tattalin arziki ke kai mutane gare ta. Wanda ya zama dole ya saya, ya duba shekararta, ya lanƙwasa gefenta ya ga ko ƙananan tsaga za su buɗe, ya shafa cikinta da hannu don jin faci ko zaren da ya tashi, ya kuma guji mai ƙullutu a gefe ko da kaɗan ne, domin ƙullutu alama ce cewa zaren ciki ya riga ya tsinke. Akwai masu sake sassaƙa zane da wuƙa a kan tayar da ta suɗe su shafe ta da baƙin mai. Ana gane ta da ramukan da ba su daidaita ba da rashin tudun TWI. Irin wannan taya robar da ta rage tsakanin titi da zare ba ta fi kaurin fata ba.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Taya ta fi cizo a watanninta na farko, don haka watan Mayu ko farkon Yuni, kafin ruwa ya zauna, ya fi dacewa da sauya ta, ta shiga malka da cikakkun haƙora, ta ƙarasa rayuwarta a busasshiyar hanyar kaka da rani inda ba a neman zurfin zane sosai. Ɗan acaɓan da hanyarsa fadama ce zai iya riƙe tayar baya biyu, mai manyan haƙora daga Yuni zuwa Oktoba, ta gauraye sauran shekara. Wadda aka cire a wanke ta, a ajiye a ɗaki mai inuwa, nesa da fetur da baƙin mai da janareta.

Rafukan yankin, har da Karaduwa da aka datse a Zobe a 1983 da ƙoramun da ke zuba cikinta, yawancin shekara yashi ne ake bi ta kai. Bayan ruwa mai ƙarfi a sama sukan kawo cikin ƙanƙanin lokaci, ko da ba a yi ɗigo a mashigin ba, kuma ruwan na kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya tun tana tsaye. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da babur da mahayinsa ko da wace irin taya aka sa, kuma irin wannan cikowa kan janye cikin 'yan sa'o'i ga wanda ya jira a gaɓa.